Daga Tokyo zuwa fadamar Baturiya: wace na'urar gem ce za ta ci kasuwa?

Bayan la'asar, idan rana ta fara yin sanyi a garin Haɗeja, akwai wani ihu da kan tashi daga ƙananan shaguna masu labule a bakin ƙofa. Wanda bai saba ba sai ya ɗauka faɗa ne ya kaure. Ɗaga labulen ka leƙa. Talabijin biyu ko uku ne a jere a jikin bango, benci a gaban kowacce, fanka na juya iska mai ɗumi, ƙaramin janareta na kuka a waje. Yara biyu ne kawai ke riƙe da fad, amma goma na tsaye a bayansu, kowa na ba da shawara, kowa na jiran layi. Dokar wurin sananniya ce: wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya ci gaba da zama. A ƙarƙashin talabijin ɗin ga na'urar nan baƙa, an ɗora ta a kan ɗan katako don iska ta riƙa ratsa ta, gefenta duk ya goge saboda hannun masu ita na farko, can a wata ƙasa mai nisa.

Ba wanda zai ce maka sunanta na'urar wasan bidiyo. PS ake cewa. Shagon ma gidan PS ne, ko gidan gem. Kamar yadda kowane garin sabulun wanki ya zama Omo, kowane dunƙulen ɗanɗano ya zama Maggi, haka sunan PlayStation na kamfanin Sony ya haɗiye sana'ar baki ɗaya a ƙasar Hausa.

A can inda ake ƙera waɗannan na'urori kuwa, kokawa ce ta kamfanoni uku: Sony da Nintendo na Japan, da Microsoft na Amurka mai Xbox. Sony da Microsoft sun fito da sababbin na'urorinsu a wata ɗaya, Nuwambar 2020. PlayStation 5 ta zo a kan dala 499, Xbox Series X ma haka, sai ƙanwarta Series S a kan dala 299. Zuwa tsakiyar 2025 Sony ta sanar cewa ta sayar da PS5 sama da miliyan 80. Microsoft ta daina bayyana adadin na'urorin da take sayarwa tun 2015, kuma ko a gaban kotu a Amurka a 2023, lokacin da take neman a bar ta ta sayi kamfanin Activision Blizzard, ita da kanta ta amsa cewa ita ce ta uku a wannan gasa. Nintendo kuwa ta sayar da Switch sama da miliyan 150 tun fitowarta a Maris 2017, magajiyarta Switch 2 ta fito ranar 5 ga Yunin 2025, aka sayi miliyan 3.5 cikin kwana huɗu.

Mai shago a Haɗeja ko Malam Madori ko Kafin Hausa ba ya bin waɗannan alƙaluma, amma su ne ke yanke masa hukunci. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Na'urar da Turawa suka saya da yawa yau, ita za su gaji da ita nan da shekara bakwai ko goma, ita za a loda a kwantena zuwa Legas, ta sauka a kasuwar Alaba, ta hau mota zuwa Kano, daga Kano ta iso Haɗeja a cikin kwali a bayan but. Kasuwarmu kasuwar na-hannu ce. Duk wanda ke son sanin abin da za a buga a bakin kogin Haɗeja a 2030, ya duba abin da ake saya a Landan da Balin yanzu.

Waɗanda suka taso a shekarun 1990 za su tuna mafarin abin. Na'urori ne 'yan China, kwaikwayon Famicom ɗin da Nintendo ta fitar a 1983, masu kaset rawaya da aka rubuta wa wasanni dubbai a jiki alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa: Super Mario, Contra, da wasan harbin agwagwa. Sai Sega ta zo da Mortal Kombat. Amma ranar da PlayStation ta farko, wadda ta fito a Japan a Disambar 1994, ta iso da wasan ƙwallon Winning Eleven na kamfanin Konami, ranar aka rufe wancan babi. Lokacin ya dace. Najeriya ta ɗauko zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, ga Kanu, ga Okocha, ga Amokachi, ga kuma Tijjani Babangida ɗan Kaduna da ke buga wa Ajax. A cikin wasan an ba Babangida gudun da ba mai kamo shi, har ya yi suna a wurin 'yan gem na duniya, daga Japan zuwa Barazil. Yaro Bahaushe ya ga ɗan'uwansa a cikin talabijin, kuma shi ke juya shi da yatsunsa. Tun daga nan gidan gem a Arewa ya zama gidan ƙwallo, sauran wasanni 'yan rakiya ne.

Wannan shi ne ma'auni na farko, kuma shi ya fitar da Nintendo daga lissafi. Ƙarfin Nintendo yana ga wasanninta na gida, irin su Mario da Zelda, da kuma na'urar da mutum zai riƙe shi kaɗai a hannu ko ya buga da iyalinsa a falo. Kamfanin ba ya saurin karya farashin wasanninsa, katinsu kuma yana da tsada ko da na-hannu ne. Wii ta sayar da sama da miliyan 100 a duniya, ta fi PS3 da Xbox 360, amma da wuya ka ga wanda ya kafa shago da ita a nan. Switch 2 za ta ci kasuwa a Tokyo da Niyok, 'ya'yan masu hali a Abuja da Nasarawa ta Kano za su riƙe ta. Iyakarta ke nan.

Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, kuma babu inda maganar ta zauna kamar a kan PlayStation 2. Ta fito a Maris 2000, Sony ta ci gaba da ƙera ta har kusan shekara 13, aka sayar da sama da miliyan 160. Wasan ƙwallo na ƙarshe da aka yi mata a hukumance shi ne na kakar 2014, FIFA 14 da PES 2014. Amma je ka ƙaramin shago a ƙauye ka ga abin mamaki: ga PS2, ga Osimhen da Haaland da Mbappe cikin rigunan bana. Wasu matasa ne masu basira ke ɗaukar tsohon wasan su sauya sunaye da riguna da fuskoki, a loda a filas, a soka wa na'ura. Ba mu kaɗai ke yin haka ba. A Barazil akwai irin wannan gyara da ake kira Bomba Patch, wanda ya rayar da PS2 a unguwannin talakawa shekara da shekaru bayan kamfanin ya juya mata baya. Siririyar PS2 ba ta cin wutar da ta kai wat 50. Batir ɗaya da faifan sola ɗaya za su riƙe ta tare da ƙaramar talabijin. Fad ɗinta na China yana ko'ina, in ya lalace a sayi wani. Mai gyaran rediyo ma yakan buɗe ta ya gano ciwonta.

Zamanin da ya biyo baya shi ne ya fi ban sha'awa, don a nan ne lissafin duniya da namu suka raba hanya. Xbox 360 ta fito a 2005, PS3 ta biyo ta a 2006, kuma a ƙarshe kusan kunnen doki suka yi: kowacce ta haura miliyan 80. In da yawan da aka sayar ne kaɗai ke magana, da rabin shagunan Haɗeja Xbox ne. Ba haka ta kasance ba, kuma dalilan ƙanana ne, irin waɗanda sai wanda ya zauna a shago ke lura da su.

Na farko zafi. Xbox 360 ta farko tana da wani ciwo da ya yi suna: in ta ɗau zafi sai jan haske ya zagaye makunninta, ta mutu. Abin ya kai har Microsoft ta ware sama da dala biliyan ɗaya a 2007 don gyara wa mutane. Wannan a ƙasashen sanyi ke nan, a ɗakuna masu na'urar sanyaya iska. To ina ga shagon kwano a Haɗeja cikin Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bayan ƙurar hunturu ta riga ta toshe duk wata kafar iska? Na biyu wuta. Inda Xbox ta fi karɓuwa shi ne Amurka, wutar Amurka kuwa bolt 110 ce, tamu 230. Akwatin wutar Xbox 360 da aka yi wa Amurka, ka soka shi a bangonmu ba tare da na'urar rage ƙarfi ba, sai dai ka ji ƙauri. Na uku fad. Na Xbox da batir biyu irin na tocilan yake aiki, na PS3 kuwa caji ake yi masa da waya. Mai shagon da fad ɗinsa ke hannun yara daga hantsi zuwa bayan isha ya san kuɗin batir a wata. Sannan a 2010 masu kutse suka buɗe makullin PS3, aka samu damar loda wasanni a cikinta ba tare da faifai ba. Sony ta kai ƙara kotu a farkon 2011, amma ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Ba na yabon satar fasaha. Mutane sun yi gumi a kan waɗannan wasanni kuma haƙƙinsu ne a biya su. Sai dai duk wanda zai ba da labarin yadda PS3 ta mamaye shagunanmu ya tsallake wannan, bai faɗi gaskiya ba.

Daga nan abin ya zama kamar ruwa da ya samu hanya. Masu gyara a Kano, a Sabon Gari da titin Beirut da Farm Centre, PS suka iya. Kayan gyaran da ake shigowa da su na PS ne. Yatsun yara sun saba da alamomin nan huɗu, zagaye da kuros da murabba'i da dala, har sukan kira su ba tare da sun duba ba. Miƙa wa gwanin unguwa fad ɗin Xbox mai A da B da X da Y ka ga yadda zai ɓata fuska, don in aka ci shi zai ce hannun ne bai saba ba.

A 2013 Microsoft ta yi wani kuskure da ya kamata mu riƙe, don zai dawo mana ta wata ƙofa. Ta sanar cewa sabuwar Xbox One sai ta leƙa intanet sau ɗaya a kowace awa 24, kuma za a taƙaita sayarwa ko aron faifan da aka riga aka yi amfani da shi. Mutane suka yi ca, kamfanin ya janye tun kafin na'urar ta fito, amma suna ya riga ya ɓaci. Ga kuma farashi: Xbox One dala 499, PS4 dala 399. PS4 ta sayar da kimanin miliyan 117, kusan ninki biyu na abokiyar hamayyarta. Waɗannan miliyoyin ne ke malalowa kasuwanninmu yanzu. Shagon da ke ji da kansa a Haɗeja a yau, PS4 ce a gabansa, PS3 a tsakiya, PS2 a lungu don ƙananan yara masu ɗan canji. Kuma har zuwa 2025 kamfanin EA, wanda ya rabu da sunan FIFA a 2023 ya koma EA Sports FC, yana fitar da sabon wasan kowace kaka a kan PS4. Muddin haka na faruwa, mai shago ba shi da dalilin gaggawa.

To PS5 fa? A yi lissafi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa kewayen 1,500 a shekarar da ta biyo. Dala 499 ta zama kusan naira 750,000, kafin kuɗin dako da kwastan da ribar ɗan kasuwa, kafin fad na biyu, kafin wasan kansa. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Kuma wannan zamani ya saɓa wa al'ada: da can na'ura tana tsufa farashinta na sauka, yanzu hawa yake. A 2025 Sony ta ƙara dala 50 a kan PS5 a Amurka, Microsoft ta ƙara wa Xbox kuɗi har sau biyu a shekarar. Ga cin wuta: PS5 na jan kusan wat 200 in ana wasa, kuma ba ta nuna kyawunta sai da babbar talabijin. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ke ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta taɓa 1,000. Wutar KEDCO kuwa ba abin da za a kafa sana'a a kanta ba ne. Kowane wasa na minti goma da ake bugawa a shago, akwai fetur a cikinsa.

Bar garin Haɗeja ka nufi gabas, cikin ƙaramar hukumar Kirikasamma, inda kogin ke rarrabuwa ya bazu cikin fadama. Nan Baturiya take, dausayin da aka sa cikin jerin wuraren Ramsar na duniya a 2008, inda tsuntsaye ke tasowa daga Turai su yi hunturu a cikin goruba da ƙirya da gabaruwa. A nan kuɗi da lokacinsu suke zuwa. Akwai kakar shinkafa, akwai lokacin su, akwai noman rani. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan bai ƙara bin tsohuwar ƙa'idarsa ba, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, wata shekara ya yi ƙaranci, wata ya yi ɓarna kamar ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a faɗin masarautar Haɗeja. Saurayin da ya sayar da buhunan shinkafarsa yana neman abin da zai juya kuɗin kafin damina, zaɓinsa babur ne, ko injin ban-ruwa, ko shagon cajin waya da sola. In ya ƙara da gem, zai nemi wadda kuɗinta zai dawo kafin Babbar Salla, wadda in ruwa ya taso zai naɗe ta a buhu ya ɗora a ka. Irin wannan mutum PS2 ko PS3 zai saya, in ya yi ƙarfi PS4. Babu wani talla da zai sauya masa wannan lissafi, kuma daidai yake.

Shagon cajin nan kuwa, a cikinsa babbar abokiyar hamayyar PS take kwance, jere a kan tebur, kowacce da igiyarta: Tecno, Infinix, itel. Konami ta mai da PES ta zama eFootball a 2021, kyauta, kuma tana gudana a waya. Ga Dream League Soccer, ga Free Fire, ga Call of Duty ta waya da ta fito a 2019, ga manhajar PPSSPP da ke buɗe tsofaffin wasannin PSP, waɗanda samari ke tura wa juna ta Xender ba tare da sun taɓa data ba. Kamfanonin ma sun gane inda Afirka ta dosa; a farkon 2024 asusun zuba jarin Sony ya sa kuɗi a Carry1st, kamfanin wasannin waya da ke Afirka ta Kudu. Abin da waya ba ta iya bayarwa shi ne taron. Cin da aka yi maka kai kaɗai a ɗaki ba ci ba ne, wanda ka yi a gaban 'yan unguwa shi ake tunawa har sati.

Iyaye da malamai suna da ƙorafi a kan gidajen gem, kuma ƙorafin yana da tushe: yaro ya tsere wa makarantar allo ko ta boko, ya taɓa kuɗin aike, wani wurin ma caca ta shigo ta bayan gida. Na ga shagunan da masu su ke kashe janareta in an kira salla, suna korar duk yaron da ya zo da kayan makaranta a jikinsa. Irin waɗannan ne ke daɗewa, don unguwa ba ta tashi a kansu. A garin da ba shi da filin wasa mai kyau ko ɗakin karatu na yara, ɗakin da matasa za su taru a idon babba abu ne da ya cancanci a gyara shi, a tsare shi.

Damuwata ta fi karkata ga wani wuri. Duk wannan sana'a a kan abu ɗaya ta tsaya: na'ura da wasa su zama kaya, abin da za a saya, a sayar, a gada, a gyara. Kamfanonin uku duk suna janye ƙafa daga nan. Xbox Series S, wadda farashinta ya fi dacewa da aljihunmu, ba ta da ramin faifai sam. PS5 tana da nau'in da ba shi da shi, PS5 Pro ta dala 699 da ta fito a Nuwambar 2024 ma sai dai ka sayi ramin daban. Wasu katunan Switch 2 makulli ne kawai, wasan kansa sai an sauko da shi. Microsoft ta karkata ga Game Pass, tsarin biyan kuɗin wata-wata da ta fara a 2017, ta biya kusan dala biliyan 69 ta mallaki Activision Blizzard a Oktoban 2023, har ta fara sayar da wasanninta irin su Forza Horizon 5 a kan PS5. Wato ita kanta ta rage dogaro da sayar da akwatin. Wasan ƙwallo na yanzu gigabait gomomi ne, ga sabuntawa a kai a kai. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Sony ta buɗe wa shagonta na intanet a hukumance, don haka matasanmu kan yi rajista da adireshin Amurka ko Ingila, su sayi katin kuɗi da dala. A Kano ana iya wannan wahala. A ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis, ba ta yiwuwa.

Abin da aka ƙi karɓa daga Microsoft a 2013 ya dawo a hankali, ba tare da hayaniya ba. Idan Baturen da ya sayi PS5 marar faifai ya gaji da ita a 2030, akwatin zai iso Alaba, ya iso Kano, amma wasannin za su zauna a asusunsa. Ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga Legas zai fara tambayar abin da bai taɓa tambaya ba a zamanin PS2: mai rami ce ko marar rami? Mai ramin za ta yi tsada, za a yi rububinta, ita za ta fara shiga manyan shagunan Haɗeja, wataƙila guda ɗaya a shago, ana biyan kuɗinta daban. PS4 za ta sauko ta maye gurbin PS3 a Auyo da Guri da Birniwa ranar da EA ta daina yi mata sabon wasa, masu sauya riguna da sunaye kuma su karɓi aikin kamar yadda suka yi wa PS2. Xbox za ta ci gaba da zama ta ɗaiɗaikun mutane masu intanet a gida. A ƙauyukan fadamar Baturiya kuwa, inda batir ɗaya ke raba wutarsa tsakanin wayoyi ashirin da talabijin guda, siririyar PS2 tana da sauran shekaru a gabanta.